Turancin kowa da kowa ko Turancin fanninsu: wanne ya fi wa ɗaliban fasaha da suka kai B2?

Akwai wani ɗalibi da na taɓa koyarwa, ɗan aji uku a fannin kwamfuta, in ya buɗe baki da Turanci sai ka ce babu abin da ya rage masa. Yana kallon bidiyon lakca ba tare da rubutun ƙasa ba, yana gardama da abokansa a kan wane yaren furogiramin ya fi wani, duk da Turanci, ko inda-inda ba ya yi. Ran nan na ce kowa ya rubuto min rahoton matsala, irin wanda ake tura wa masu gina manhaja idan abu ya ƙi aiki. Abin da ya kawo layi biyu ne kacal: "The app is not working, it shows error. Please fix it as soon as possible." Babu wani kuskuren nahawu na a zo a gani, amma wallahi babu injiniyan da zai iya yin komai da wannan takarda. Wace irin waya ce? Me ka danna kafin abin ya tsaya? Me ka zata zai faru, me ya faru a maimakonsa? Da na tambaye shi da baki duk ya amsa min tiryan-tiryan. Amsar yana da ita, Turancin ma yana da shi, kawai ba a taɓa nuna masa yadda masu sana'arsa suke jera magana a rubuce ba.

To irin wannan ɗalibi shi ke cika ajin duk malamin da aka ce ya koyar da Turanci ga 'yan injiniya da 'yan kwamfuta da suka wuce matakin tsakiya. Kuma tun kafin samista ta kankama dole ka zaɓi hanya, ko dai ka ɗauko ɗaya daga cikin manyan littattafan nan na Turancin kowa da kowa ka bi shi babi-babi, ko ka gina kwas ɗin a kan Turancin fannin nasu, abin da masana ke kira ESP. Akwai kuma wasu hanyoyi biyu da shugabannin sashe ke yawan kawowa, a mayar da kwas ɗin shirin jarrabawa irin IELTS, wadda ake auna Turancin masu neman karatu a waje da ita, ko a soke shi gaba ɗaya tunda ai da Turanci ake musu lakca. Duk huɗun na ga an yi, biyun farko kuma da hannuna na yi su shekara da shekaru, shi ya sa zan fi daɗewa a kansu.

Bari mu fara da lissafi don shi ke yanke rabin gardamar. Ma'aunin CEFR da Majalisar Turai ta fitar a 2001 ya kasa iya harshe gida shida, daga A1 zuwa C2, matakin da muke magana a kai shi ne B2. A cikin bayanin B2 ɗin ma an faɗa ƙarara cewa mai wannan mataki yana gane jigon rubutu mai wuya, har da tattaunawar fasaha a fannin da ya ƙware a kai. Masu shirya jarrabawar Turanci na Cambridge sun ƙiyasta cewa daga farawa zuwa B2 mutum na buƙatar awa 500 zuwa 600 na karatu da malami, zuwa C1 kuma 700 zuwa 800, kaga ke nan tsakanin B2 da C1 akwai wajen awa 200. Yanzu ɗauko jadawalinka ka duba. In an ba ka awa biyu a mako na tsawon mako 14, awa 28 ke hannunka, in an yi maka kirki an ba ka uku sun zama 42. Babu littafi, babu dabarar da za ta ɗaga ɗalibi daga B2 zuwa C1 a awa 28. Abin da awa 28 za ta iya shi ne ta wasa wani ɓangare ƙarami na Turancin ɗalibi ya yi kaifi sosai. Don haka abin da nake tambayar kowace hanya shi ne wane ɓangare take wasawa, kuma shin shi ne ɗalibin zai buƙata in ya fita.

Littafin kowa da kowa ba abin rainawa ba ne, kuma ba na jin daɗin yadda wasu masu ra'ayin ESP suke magana a kansa kamar bai tsinana komai. Mutanen da suka rubuta shi sun san aiki. An jera nahawu daki-daki, abin da aka koya a babi na uku zai sake fitowa a na shida don kar a manta, akwai sautin da aka naɗa tsaf, akwai littafin malami, akwai tes a shirye. In kana da aji mai mutum 80 ko 100, ko sashe yana da malamai huɗu da ke koyar da kwas ɗaya kuma ana so ɗalibai su rubuta jarrabawa iri ɗaya, littafin nan shi ke riƙe kowa a kan layi. Sabon malami ma ya fi samun natsuwa da shi. Sannan akwai abin da ɗan fasaha ke buƙata wanda a nan kawai zai same shi a shirye: yadda ake buɗe hira da baƙo, yadda ake ƙin amincewa da maganar babba ba tare da rashin kunya ba, ƙananan fi'ilan nan masu haɗe da wata kalma irin "put off" da "run into" da "figure out" waɗanda Turawa ke zubawa a magana ba adadi. Injiniyan da ya iya rubuta rahoto amma ya kasa hirar minti biyar kafin a fara intabiyu shi ma yana da gyara.

Inda matsalar take, an rubuta littafin ne don ya yi wa kowa, ɗan yawon buɗe ido da ma'aikacin banki da ɗan sakandare, shi ya sa babinsa sai ka ga tafiye-tafiye, laifuffuka, fitattun mutane, kayan sawa, sai babi ɗaya tak a kan fasaha wanda sau da yawa ɗalibanka sun fi marubucin sanin abin da ke ciki. Aikin rubutun kuma wasiƙar koke ce ko sharhin fim ko maƙala a kan ra'ayinka. Ba wai ba su da amfani ba ne, amma ka tuna awa 28 gare ka. Littafin B2 an tsara shi ne don awowi masu yawa fiye da haka, ƙarshenta za ka yi babi huɗu ko biyar samista ta ƙare, kuma a kan me? A kan maimaita abin da mafi yawansu sun riga sun gani. Na sha tsayawa gaban aji ina bayanin sharaɗi na biyu, wato jimlar "da a ce" a nahawun Turanci, da misalin "if I were a millionaire", ina kallon fuskokinsu, suna cike gurbi daidai-wa-daida, maki goma bisa goma, amma ran kowa ba ya wurin. Ɗalibin da ya ci maki goma a cike gurbi shi ne dai wanda ya kawo min rahoton layi biyun nan.

ESP kuwa daga wata tambaya daban take farawa. Hutchinson da Waters a 1987 sun raba buƙatar ɗalibi gida uku: abin da aikin da zai je yi ke nema a wurinsa, abin da ya rasa a yanzu, da abin da shi kansa yake so. Kai malami aikinka ka nemo waɗannan ukun kafin ka rubuta silabos, ka je ka tambayi lakcarorin sashensu wane irin rubutu suke karɓa, ka karɓi rahoton lab biyar ko shida na bara ka karanta, ka tambayi waɗanda suka gama suka fara aiki me suke rubutawa kullum.

Amma fa a nan akwai tarko, kuma malamai da yawa mun faɗa cikinsa. Akwai littattafan da aka yi wa laƙabi da Turancin kwamfuta ko Turancin injiniya, ka buɗe ka ga hoton cikin kwamfuta da kibiyoyi, a ce ɗalibi ya rubuta sunan kowane sashe, sai jerin kalmomin fanni da ma'anarsu. Wannan ga ɗan B1 da ke aji ɗaya yana iya yin amfani. Ga ɗan B2 da ke aji uku ɓata lokaci ne, domin "compiler" da "voltage" da "bandwidth" ya san su tun kafin ya san ka, a lakcarsu ya koya, kuma ya fi ka sanin abin da suke nufi. Ga shi irin waɗannan littattafai suna saurin tsufa, shekara biyar na'urar da ke cikin hoton ta zama tarihi. In zaɓinka tsakanin littafin kowa da kowa mai kyau ne da irin wannan littafi na jerin kalmomi, ni kam na farkon zan ɗauka. ESP ɗin da nake nufi ita ce wadda aka gina a kan ainihin takardun da masu fannin ke karantawa da rubutawa.

Dalilin yana cikin yadda kalmomi suka kasu. Akwai na yau da kullum, ɗan B2 ya riƙe su. Akwai na fanni zalla, lakcaransa ya ba shi. A tsakiya akwai wasu da babu wanda ya ɗauki nauyinsu, irin su "assume", "derive", "subsequent", "whereas", "approximately", su ne ke ɗaure hujja da hujja a rubutun ilimi. Averil Coxhead ta Jami'ar Victoria da ke Wellington a Niyu Zilan ta fitar da jerinsu a 2000, dangin kalma 570 (wato kalma tare da rassan da ke fitowa daga gare ta), daga tarin rubutun ilimi mai kalma wajen miliyan 3.5, kuma waɗannan 570 ɗin kaɗai sun kai kusan kashi 10 cikin ɗari na rubutun. Paul Nation kuma ya nuna a 2006 cewa kafin mutum ya karanta rubutu cikin natsuwa sai ya san kashi 98 cikin ɗari na kalmominsa, wato baƙuwa ɗaya a cikin kowace 50, wanda ke buƙatar dangin kalma 8,000 zuwa 9,000. To kaga in goma cikin ɗari na shafin suna yi wa ɗalibi hazo-hazo, zai iya sanin kowace kalmar fanni da ke ciki amma ya kasa gane marubucin yarda yake yi ko musantawa. Sai dai kar ka buga jerin Coxhead ka ce a haddace, Hyland da Tse sun nuna a 2007 cewa kalma ɗaya takan sauya ma'ana da abokan tafiya daga fanni zuwa fanni. Kai ma ka gwada: "argument" a littafin kowa da kowa gardama ce, a wurin mai rubuta furogiram abin da ake miƙa wa fankishin ne. "Tolerance" haƙuri ne da juriya, a wurin injiniya iyakar kuskuren awo ce da aka yarda da ita. "Significant" ɗalibai suna watsa ta ko'ina da nufin babba, alhali a rahoton gwaji tana ɗauke da ma'anar ƙididdiga, in ka rubuta ta za a tambaye ka ina lissafinka. Littafin kowa da kowa ba zai taɓa kai ka nan ba.

Darasin da ya fi kowane tsaya min a rai, wata gajeriyar takarda na kai aji, RFC 2119, wadda Scott Bradner ya rubuta a 1997 don masu tsara ƙa'idojin intanet. Ba ta wuce 'yan shafuka ba, aikinta kawai ta fayyace me ake nufi in an rubuta MUST ko SHOULD ko MAY. Kafin na raba ta na tambayi aji bambancin "must" da "should", suka ce na farko dole, na biyu shawara, kamar dai yadda littafi ya koya musu da misalin ciwon kai da zuwa wurin likita. Sai muka karanta. MUST wajibi ne babu makawa. MAY zaɓi ne, ka yi ko ka bari. SHOULD kuwa cewa aka yi ana iya samun dalili mai ƙarfi na kauce masa a wani yanayi, amma sai ka fahimci duk abin da kaucewar za ta jawo ka auna shi da kyau tukuna. Na raba su rukuni-rukuni na ce kowane rukuni ya rubuta ƙa'idoji takwas na tsarin shiga manhaja da kalmar sirri. Ajin da na saba jan magana daga bakinsu kamar ana cire haƙori, ranar sai da na riƙa cewa a rage murya. Wata ɗaliba ta kafe a kan cewa kulle akawun bayan kuskure uku SHOULD ne, domin in ka mai da shi MUST to duk mai son cutar da wani sai kawai ya riƙa shigar da kalmar ƙarya da gangan har a kulle masa akawun, abokin rukuninta yana cewa a'a, ita tana kawo hujja, duk da Turanci, tana "unless" tana "otherwise" tana "provided that" ba tare da na ce a yi amfani da su ba. Nahawun dai shi ne wanda ke babi na biyar na littafin, amma ranar kowa ya ga cewa zaɓen kalma ɗaya yana sauya yadda za a gina na'ura.

Haka abin yake a sauran sassan nahawu, ESP ba ta jefar da su, wurin zamansu take nuna maka. Sharaɗi na uku da ke ba kowa wahala, gidansa rahoton da ake rubutawa bayan saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai, ta faɗi, inda ake cewa da an yi kaza da bayanan ba su ɓace ba. Jimlar da ba a ambaci mai aiki ba, gidanta sashen bayanin yadda aka yi gwaji. Kalmomin sassauta magana irin "suggests" da "appears to" da "is likely to", nan ne ɗalibanmu suka fi rauni, gwaji ɗaya za su yi su rubuta "this proves", a ganinsu ƙarfin hali ne, mai duba aikin kuma yana ganin rashin sanin ka'ida. Sai jerin sunaye da ake cusawa wuri ɗaya, "network traffic congestion control algorithm", biyar a jere babu mahaɗi. Mu a Hausa uwar maganar ce ke zuwa farko, mu ce tsarin hana cunkoso, Turanci kuma a ƙarshe yake ajiye ta, in ka koya wa ɗalibi ya fara karantawa daga kalmar ƙarshe ya dawo baya ka sauke masa wani nauyi da ya daɗe yana ɗauka. Ga 'yan shekarar ƙarshe masu rubuta furojet akwai tsarin John Swales na 1990 a kan gabatarwar bincike, taku uku ne, ka nuna fagen da muhimmancinsa, ka nuna giɓin da aka bari, sannan ka shiga giɓin da aikinka. Ba su gabatarwa uku daga mujallun fanninsu su ja layi a ƙarƙashin kowane taku, mako biyu za ka ga bambanci a tsakure da gabatarwar da suke kawowa. Ga masu rubuta umarnin amfani da na'ura kuma akwai Sauƙaƙƙen Turancin Fasaha, ASD-STE100, wanda masana'antar jiragen sama ta Turai ta fara fitarwa a 1986: jimlar umarni kar ta wuce kalma 20, ta bayani kar ta wuce 25, umarni ɗaya a jimla ɗaya. Ba sai ka koyar da shi duka ba, dokar kalma 20 ɗin kaɗai tana gyara rubutun ɗalibin da ya ɗauka doguwar jimla ita ce iya Turanci.

To amma kar in yi maka daɗin baki, wannan hanya tana da tsada a jikin malami. Babu littafin malami, babu amsoshi a baya, kai za ka nemo takarda, ka karanta ta sau uku, ka yanke inda ya fi ƙarfinsu, ka ƙirƙiro aiki a kai, shekarar farko awa ɗaya ta aji tana iya cin maka awa uku ko huɗu na shiri. Duba rubutu ma ya fi nauyi nesa ba kusa ba, rahoto 90 ba cike gurbi 90 ba ne. Ga kuma tsoron da kowane malamin Turanci ya sani, a tambaye ka abin da ya shafi fannin ka rasa amsa. Wannan tsoro ba na banza ba ne, Ruth Spack ta rubuta a 1988 cewa malaman Turanci su tsaya a kan ƙa'idojin rubutu na gaba ɗaya su bar rubutun fanni ga masu fannin, don ba mu da ƙwarewar. Ken Hyland ya mayar da martani a 2002 cewa rubutun fannoni ya bambanta da juna ta yadda koyar da na gaba ɗaya kawai ba ya isa. Ni ina gefen Hyland, amma gargaɗin Spack ina riƙe da shi: ranar da ka fara gyara wa ɗalibi injiniyancinsa a maimakon Turancinsa ka shiga gonar da ba taka ba. Maganin da na gani yana aiki shi ne ka faɗa musu tun ranar farko cewa fannin nasu ne, harshen naka ne, in ba su iya yi maka bayanin aikinsu ka gane ba to aikin bai ƙare ba, tunda gobe manaja ko kwastoma za su yi wa bayani, su ma ba injiniyoyi ba ne. Sannan ka nemi lakcara ɗaya a sashen ya zama abokin aikinka, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tim Johns da Tony Dudley-Evans sun yi haka a Jami'ar Birmingham a Ingila, suka ba da rahotonsa a 1980, ana naɗar lakcar malamin fanni, daga baya malamin Turanci da na fannin su shiga aji tare su bi ta da ɗalibai. Ko ba ka samu mai shiga aji da kai ba, wanda zai ba ka rahoto uku masu kyau da uku marasa kyau ya gaya maka dalili ya riga ya yi maka rabin aiki.

A ɓangaren ji da magana hanyoyin biyu sun fi kusa da juna. Sautin littafi a tsabtace yake, an rage gudu, yawanci lafazin Ingila ko Amurka, yana da kyau wajen gina ƙarfin gwiwa. Sai dai ɗalibin nan in ya fara aiki mitin ɗinsa na intanet da mutumin Indiya ne da na Jamus da na Sin, kowa da lafazinsa, layi yana yankewa. Bidiyon tarukan fasaha da ke cike a YouTube sun fi kama da wannan, minti huɗu daga ciki ya ishi darasi guda. Ni nakan haɗa, hira da ladabin magana daga littafi, sauraro daga bidiyon gaske.

Batun mayar da kwas shirin IELTS ba zan ja shi ba. B2 yana daidai da maki 5.5 zuwa 6.5, kuma ga wanda zai nemi digiri na biyu a waje nan da shekara guda shirin yana da amfani, aikin rubutu na farko ma, bayanin jadawali da zane a kalma 150, yana kusa da abin da injiniya ke yi. Amma sakamakon shekara biyu ake karɓarsa, ɗan aji biyu ba shi da abin yi da shi yanzu, kuma maƙalar kalma 250 a minti 40 dabarar cin jarrabawa ce, babu ofishin da za a ce ya rubuta irinta. A yi shi a matsayin ajin zaɓi ga masu buƙata. Soke kwas ɗin kuma da hujjar cewa lakca da Turanci ake yi, Merrill Swain ta riga ta amsa wannan tun 1985 daga binciken yaran Kanada da aka koyar da su darussa da Faransanci shekaru: fahimtarsu ta yi nisa sosai, amma nahawunsu a magana da rubutu ya kasa kamo ta, saboda ba a tilasta musu fitar da harshen ana gyara musu ba. Lakcaran lantarki lissafi yake dubawa, in amsar ta yi daidai zai ba da maki ko da jimlar ta karye.

Akwai kuma abin da ya sauya lissafin tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022. Maƙalar gida a kan amfanin tafiye-tafiye yanzu ba ta auna komai, cikin daƙiƙa na'ura za ta rubuta ta, kuma ɗaliban fasaha su ne na farko da suka iya wannan. Rahoton gwajin da ɗalibi ya yi da hannunsa, da lambobinsa, wanda zai tsaya minti uku ya kare shi da baki ana yi masa tambaya, shi ya fi wuyar aro. Ko ya nemi na'ura ta goge masa jimla, in ka tambaye shi me ya sa ya rubuta "suggests" a nan bai rubuta "proves" ba, nan take za ka san ko nasa ne.

In ka tambaye ni, ga 'yan aji biyu zuwa sama da suka fito daga sashe ɗaya ko sassa makusanta, ESP mai ainihin takardu nake zaɓa, in ba ta kamar kashi uku cikin huɗu na lokacin, ragowar in ciro daga littafin kowa da kowa, babin hira da na rubuta imel da duk nahawun da na ga suna tuntuɓe a kai. Zan juya lissafin in ajin 'yan shekarar farko ne da ba su shiga fannin sosai ba, ko an gwamutsa min 'yan gine-gine da 'yan kwamfuta da 'yan sinadarai wuri ɗaya, ko mutum sun haura ɗari ni kaɗai, ko an ba ni kwas ɗin saura mako guda a fara, ba a fafe gora ranar tafiya. A irin wannan hali littafi ne ƙashin baya, sai in riƙa sako takardar gaske ɗaya duk bayan mako biyu, in ajiye waɗanda suka yi aiki, baɗi in ƙara a kansu, a shekara uku kwas ɗin ya zama nawa.

Kuma kar ka yarda da sunan B2 da aka rubuta a takardar rajista sai ka gwada da kanka. Makon farko nakan ba su abu biyu a zama ɗaya, babu waya. Na farko shafi ɗaya daga takardar fanninsu su taƙaita shi a jimla biyar, na biyu su rubuta wa wanda bai san fannin ba bayanin wani abu da suka taɓa ginawa ko gyarawa, kalma 150. In na tattara nakan raba takardun gida biyu a kan tebur, waɗanda jimlolinsu ke tsaye amma tsarin ya watse, da waɗanda jimlar kanta ke karyewa, lokutan fi'ili suna cakuɗewa. In tarin na biyu ya kai kashi ɗaya cikin uku na ajin, to rabin farko na samista littafi nake bi a gyara tushe. In bai kai ba, mako na biyu da rahoton matsala muke farawa, kowa ya zo da manhajar da ta taɓa ba shi haushi a wayarsa, ya rubuta taken matsalar a layi ɗaya, matakan da za a bi a sake ganinta, abin da ya zata, da abin da ya faru, sannan ya miƙa wa na kusa da shi ya bi matakan ba tare da ya yi masa tambaya ko ɗaya ba.